Magungunan hawan jini dangin "pril": Aikinsu a jiki, illolinsu da waɗanda bai kamata su sha ba

A shagunan magani na bakin titi a Bachirawa da Rijiyar Zaki da Panisau, kamar sauran sassan Ƙaramar Hukumar Ungogo, an saba ganin dattijo ya zaro tsohon kwali daga aljihu ya miƙa wa mai kemis a ba shi irinsa. Sau da yawa bai san sunan maganin ba. Abin da ya riƙe shi ne likita ya taɓa rubuta masa shi saboda hawan jini. Idan aka duba jikin kwalin aka ga sunan ya ƙare da "pril", kamar lisinopril, enalapril, captopril, ramipril ko perindopril, to maganin yana cikin dangin da likitoci ke kira masu toshe sinadarin ACE.

Wannan dangi na cikin magungunan zuciya da aka fi rubutawa a duniya, kuma manyan bincike sun tabbatar yana tsawaita rayuwar masu ciwon zuciya. Amma yana da sharuɗɗa. Yana iya nakasa ɗan tayi a ciki, yana iya kumbura harshe har numfashi ya toshe, yana kuma iya gurgunta ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Mai saye ba tare da ganin likita ba ba ya samun mai yi masa wannan bayani.

Girman matsalar hawan jini

Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 ko ya wuce, a ranaku biyu mabambanta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 1.3 ne ke da shi, wato ɗaya cikin manya uku, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba.

A Najeriya, wani nazari da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa masu hawan jini sun tashi daga kimanin miliyan 4.3 a 1995 zuwa miliyan 27.5 a 2020. Daga cikinsu kashi 29 cikin 100 ne suka san suna da shi, kashi 12 ne ke shan magani, kuma waɗanda jininsu ya sauka inda ake so ba su kai kashi 3 ba.

Ungogo, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum 360,000, tana haɗa unguwannin da birnin Kano ya riga ya haɗiye da ƙauyukan noma irin su Karo da Yadakunya. Ga manomin da ke can ciki, zuwa Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na nufin kuɗin mota da asarar yinin aiki. Shi ya sa kemis ke zama asibitin farko, wani lokaci ma na ƙarshe. Hawan jini kuwa ba ya yawan nuna alama. Mutum yana iya yin shekaru yana harkokinsa lafiya lau, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta kasa, ko ƙoda ta lalace.

Yadda maganin ke aiki

Jiki yana da tsarin da yake daidaita ƙarfin gudun jini, kuma ƙoda ce jagorarsa. Idan ƙoda ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Shi kuma renin ya yanka wani furotin da hanta ke samarwa, a samu anjiyotensin na ɗaya, wanda ba shi da wani ƙarfi sosai. Daga nan sinadarin ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin jinin huhu, ya juya shi zuwa anjiyotensin na biyu.

Wannan na biyun shi ne mai aikin. Yana tsuke jijiyoyin jini. Yana sa wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda ta saki aldosteron, wanda ke sa jiki riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da fotasiyom a fitsari. Yana jawo ƙishirwa. Idan ya daɗe yana da yawa a jiki, yana sa naman zuciya ya yi kauri ya yi tauri.

Manomin rani ya san cewa idan aka matse bakin tiyo, injin ban-ruwa yana ƙara wahala kafin ya tura ruwan. Haka zuciya take idan jijiyoyi suka tsuke. Magungunan dangin "pril" suna hana ACE aiki, sai anjiyotensin na biyu ya ragu, jijiyoyi su saki, gishiri da ruwa su fita, nauyin da ke kan zuciya ya sauka.

ACE yana da aiki na biyu, wato wargaza wani sinadari mai suna biradikinin da ke buɗe jijiyoyi. Idan aka toshe ACE, biradikinin yana taruwa. Hakan na taimakawa wajen saukar da jini, amma shi ne kuma tushen tari da kumburin da maganin ya yi suna da su.

Daga dafin maciji zuwa ƙwayar magani

A 1898 ne Robert Tigerstedt da Per Bergman suka gano renin a birnin Stockholm. A 1956 Leonard Skeggs da abokan aikinsa a Amurka suka gano ACE. Hanyar toshe shi kuwa daga Brazil ta fito. A can akwai wani maciji mai suna jararaka, wanda dafinsa ke sa jinin wanda ya sara ya faɗi warwas. A 1965 wani masanin magunguna ɗan ƙasar, Sérgio Ferreira, ya nuna cewa a cikin dafin akwai sinadaran da ke ƙara wa biradikinin ƙarfi. Bayan ya koma ɗakin binciken John Vane a Landan, aka gano cewa waɗannan sinadarai ACE suke toshewa.

Matsalar ita ce ba za a iya haɗiyarsu ba, sai dai a yi allurarsu. Masana biyu na kamfanin Squibb, Miguel Ondetti da David Cushman, su ne suka ƙera ƙaramin sinadarin da ke yin aikin ta baki. Sun haɗa captopril a 1975, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1981. Enalapril ya biyo baya a 1985, lisinopril a 1987. Babu dafin maciji a cikin ƙwayar da ake sha a yau, a masana'anta ake haɗa ta, dafin dai shi ya nuna hanya.

Akwai bambanci tsakanin 'yan dangin. Captopril ba ya daɗewa a jiki, don haka ana shan sa sau biyu ko uku a rana, kimanin awa ɗaya kafin abinci. Enalapril da ramipril da perindopril sai hanta ta sarrafa su kafin su fara aiki. Lisinopril ba ya buƙatar hanta, sau ɗaya ake shan sa a rana, kuma ƙoda ce ke fitar da shi yadda ya shiga, saboda haka ake rage adadinsa ga mai raunin ƙoda.

Cututtukan da ake bayar da shi dominsu

Na farko shi ne hawan jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta sanya wannan dangi cikin rukunai uku da za a iya fara magani da su, tare da rukunin amlodipine da rukunin magungunan sa fitsari irin su hydrochlorothiazide.

Na biyu shi ne kasawar zuciya, yanayin da zuciya ba ta iya tura jini yadda ya kamata, har ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. A nan ne maganin ya fi nuna ƙimarsa. A binciken CONSENSUS na 1987, wanda aka yi a kan mutum 253 masu matsananciyar kasawar zuciya a arewacin Turai, enalapril ya rage mace-mace da kashi 40 cikin 100 a wata shida. Binciken SOLVD na 1991 a kan mutum 2,569 ya samu raguwar kashi 16 cikin 100.

Na uku shi ne bayan toshewar jijiyar zuciya. Binciken SAVE na 1992 ya nuna captopril ya rage mutuwa da kashi 19 cikin 100 ga waɗanda zuciyarsu ta raunana bayan wannan hari. Binciken HOPE na 2000, mai mutum sama da 9,000 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya, ya nuna ramipril ya rage harin zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya, a haɗe, da kashi 22 cikin 100.

Na huɗu shi ne kare ƙoda, musamman ga mai ciwon suga da furotin ya fara fita a fitsarinsa. Maganin yana sassauta matsin jini a cikin ƙananan matatun ƙoda, sai yoyon furotin ya ragu, lalacewar ta yi jinkiri. Wani bincike na 1993 a kan masu ciwon suga 409 ya nuna captopril ya rage haɗarin taɓarɓarewar ƙoda da kusan rabi. A jihar da wankin ƙoda ke cinye dukiyar iyali cikin 'yan watanni, kowace shekarar jinkiri tana da daraja.

Shin yana aiki a jikin baƙar fata?

Masu hawan jini baƙaƙen fata, a Afirka da Amurka, galibi renin ɗinsu ba shi da yawa, kuma gishiri ya fi tasiri a hawan jininsu. Saboda haka maganin da ke toshe hanyar renin, idan shi kaɗai aka bayar, ba ya saukar da jininsu kamar yadda yake yi wa Turawa. A binciken ALLHAT na Amurka, wanda aka wallafa a 2002 kan mutum sama da 33,000, baƙaƙen fatar da aka ba lisinopril sun fi waɗanda aka ba maganin sa fitsari samun shanyewar ɓarin jiki da kashi 40 cikin 100.

An daɗe ana dogaro da irin waɗannan bincike na Amurka kafin a yi na Afirka. A 2019 aka wallafa binciken CREOLE ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, kuma cikin masu binciken akwai Mahmoud Sani, likitan zuciya na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An ɗauki mutum 728 a ƙasashe shida: Najeriya, Kamaru, Kenya, Uganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. An gwada haɗin magunguna iri uku na tsawon wata shida. Haɗin amlodipine da hydrochlorothiazide, da haɗin amlodipine da perindopril, duk sun fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide saukar da jini da kimanin maki uku.

Wannan ya dace da tsarin da Najeriya ta ɗauka. Shirin shawo kan hawan jini da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara a 2020 a cibiyoyin lafiya matakin farko na jihohin Kano da Ogun, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives, yana farawa ne da amlodipine. Idan jini bai sauka ba a ƙara losartan, ɗan'uwan dangin "pril" da ke toshe anjiyotensin ta wata ƙofa.

Amma kuskure ne a ɗauka maganin ba shi da amfani ga baƙar fata. Idan aka haɗa shi da amlodipine yana aiki sosai. Ga mai kasawar zuciya ko mai ciwon ƙoda, amfaninsa ya wuce saukar da jini. A binciken AASK, wanda aka yi kan baƙaƙen fatar Amurka 1,094 da hawan jini ya taɓa ƙodarsu, ramipril ya fi amlodipine da metoprolol jinkirta lalacewar ƙodar.

Masu juna biyu da masu jego

Babu gargaɗin da ya fi wannan muhimmanci: mai juna biyu ba ta shan ko ɗaya daga cikin dangin "pril", haka ma losartan da ire-irensa. Ƙodar ɗan tayi tana buƙatar anjiyotensin kafin ta ginu. Idan maganin ya isa gare shi, musamman daga wata na huɗu zuwa sama, ƙodarsa na iya lalacewa, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe, huhunsa da ƙashin kansa su kasa cika, har a rasa shi. Matar da ke shan maganin kuma take shirin ɗaukar ciki, ko ta ga batan wata, ta je asibiti nan take a canza mata zuwa methyldopa ko nifedipine ko labetalol, waɗanda aka saba bai wa masu ciki.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin yankin na cikin wuraren da ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya. Ciwo ne da ke raunana zuciyar mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry suka bayyana shi a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102. Rajistar PEACE da Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wadda aka wallafa a 2020, ta nuna mafi yawan masu ciwon daga arewa maso yamma suke, inda a wani asibiti aka samu mace ɗaya cikin haihuwa 96. Rajistar ta danganta ciwon da rama da rashin aikin yi da rashin karatun boko da hawan jinin masu ciki, ba ta kuma samu hujjar cewa al'adun jego ne ke haddasa shi ba.

Ga irin wannan mata, bayan ta haihu, dangin "pril" na cikin ginshiƙan maganinta. Enalapril da captopril kaɗan ne ke shiga nono, don haka likitoci na bayar da su ga mai shayarwa, tare da lura da jaririn idan bakwaini ne. Haɗarin yana zuwa ne idan ta sake ɗaukar ciki tana kan maganin ba ta sani ba. Sabon ciki kafin zuciya ta warke barazana ne ga ranta, maganin kuma barazana ne ga ɗan tayin. Shi ya sa likitocin zuciya ke haɗa takardar maganin da maganar tazarar haihuwa, suna kuma so a yi maganar a gaban miji.

Illolin da ya kamata a sani

Tari shi ne ya fi yawa. Busasshe ne, ba majina, da ƙaiƙayi a maƙogwaro, kuma ya fi damu da dare. Yana kama tsakanin mutum 5 zuwa 20 cikin 100, ya fi kama mata. Yana iya farawa a makon farko ko bayan watanni. Maganin tari ba ya yi masa komai, haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka daina shan ƙwayar yana lafawa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci har wata uku. Likita kan canza wa mutum zuwa losartan, wanda ba ya tara biradikinin. Sai dai a Kano, inda tarin fuka ke da yawa, bai kamata a ɗora wa magani laifin kowane tari ba. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko zufar dare ko zazzaɓi ko jini a majina, yana buƙatar gwajin majina, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Tari da sarƙewar numfashi a kwance kuma na iya zama alamar ruwa ya taru a huhu.

Kumburin leɓe da harshe da fuska da maƙogwaro bai kai mutum ɗaya cikin 100 ba, amma shi ne mafi haɗari, kuma baƙar fata ya ninka Bature aƙalla sau uku wajen samun sa. Ba ya zuwa da ƙaiƙayi ko ƙuraje. Yana iya bayyana bayan shekaru ana shan maganin lafiya, shi ya sa iyali kan ɗauka cizon ƙwaro ne ko sammu. Magungunan ƙaiƙayi na kemis ba su cika tsayar da shi ba. Wanda ya ga leɓensa ko harshensa na kumbura, ko muryarsa ta shaƙe, a garzaya da shi asibiti da kwalin maganin a hannu. Wanda ya taɓa samun sa ba ya sake shan kowane "pril" har ƙarshen rayuwarsa.

Hauhawar fotasiyom a jini ba ta da alama bayyananniya, amma tana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Ta fi barazana ga mai raunin ƙoda, mai ciwon suga, da mai shan spironolactone. Haka nan aikin ƙoda yakan ɗan sauka a farkon shan maganin. Saboda waɗannan biyun ake auna fotasiyom da kiriyatinin kafin a fara, a sake aunawa bayan mako ɗaya zuwa biyu, da kuma duk lokacin da aka ƙara adadi. Hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba likitoci na karɓarsa. Idan ya zarce, sai a binciki dalili, ciki har da tsukewar jijiyoyin da ke kai jini ƙoda biyun, yanayin da ba a bayar da maganin a cikinsa. Wannan gwaji shi ne abin da mai saye a kemis ke rasawa.

Jiri da hajijiya sukan zo bayan ƙwayar farko, musamman ga tsoho ko mai shan maganin sa fitsari. Ana farawa da ƙaramin adadi, sau da yawa da dare, kuma a riƙa tashi tsaye a hankali. Captopril kuma yana iya sauya ɗanɗanon baki ko ya fito da ƙuraje.

Abubuwan da ba sa jituwa da shi

Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda manoma da 'yan ga-ruwa da masu ciwon gwiwa ke sha kusan kullum, suna rage ƙarfin maganin hawan jini. Idan suka haɗu da "pril" da maganin sa fitsari a jiki ɗaya, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda ba suna galibi ba ya rasa irinsu. Paracetamol ya fi aminci ga mai wannan magani.

Ba a haɗa "pril" da losartan ko ire-irensa. Binciken ONTARGET na 2008 ya nuna haɗin yana ƙara cutar da ƙoda ba tare da ƙarin amfani ba. Wanda za a mayar kan sabon maganin kasawar zuciya mai haɗa sacubitril da valsartan sai ya yi awa 36 da daina "pril", don gudun kumburin maƙogwaro.

Gishiri yana rage tasirin maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa har da na dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da taliyar leda. Kanwa ma ta shiga lissafin, domin mafi yawan abin da ke cikinta sodiyom ne, sinadarin da ke sa gishiri ɗaga jini. Gishirin kanti da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini kuwa fotasiyom ne a cikinsa, don haka mai shan "pril" ba ya amfani da shi sai da izinin likita.

Azumi, zafi da gudawa

Idan ruwan jiki ya ragu, ƙoda tana dogara da anjiyotensin don ta ci gaba da tace jini. Mai shan "pril" ba shi da wannan kariya. Don haka wanda amai ko gudawa mai tsanani suka kama, kamar yadda ake gani lokacin damina idan kwalara ta ɓulla, ana shawartarsa ya dakatar da ƙwayar na ɗan lokaci, ya sha ruwan gishiri da suga, ya nemi ma'aikacin lafiya, sannan ya koma kanta bayan kwana ɗaya zuwa biyu da dawowar ci da sha.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, mai aiki a rana yana buƙatar ƙarin ruwa. Game da azumin Ramadan, mafi yawan masu hawan jinin da ya daidaita suna iya yi, kuma masu shan ƙwaya sau ɗaya a rana sukan mayar da ita bayan buɗa-baki. Mai kasawar zuciya mai tsanani ko mai ciwon ƙoda ya ga likitansa tun a watan Sha'aban, kafin ya yanke shawara.

Saye, tsada da ɗorewa

Dangin "pril" magunguna ne da doka ta ce sai da takardar likita. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke bai wa ƙananan kemis bai haɗa da sayar da irinsu ba, ko da yake a aikace ana sayarwa. Mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma karanta ainihin sunan maganin da adadin miligiram, domin kamfanoni da yawa na sayar da lisinopril ɗaya da sunaye daban-daban. Ta haka mutum kan sha magani ɗaya sau biyu yana zaton biyu ne. Wasu ƙwayoyin kuma haɗi ne na "pril" da maganin sa fitsari ko amlodipine. A ajiye su a inuwa, nesa da zafi da danshi.

Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashin magunguna ya tashi, kuma masu ƙaramin ƙarfi sun koma raba ƙwaya biyu, ko tsallake kwana, ko sha sai ranar da kai ya yi ciwo. Maganin ba ya warkar da hawan jini, riƙe shi yake yi, kuma idan aka daina jinin yana komawa inda yake cikin 'yan kwanaki. Wanda kuɗi suka gagara ya faɗa wa likita ko ma'aikacin cibiyar lafiya, domin akwai nau'o'i masu sauƙin kuɗi da ke yin aiki ɗaya, kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, tana da tsarin rajista na rage nauyin magani.

Mai shan "pril" ya riƙe sunan maganinsa da adadinsa a takarda, ya auna jininsa a kai a kai, ya nemi gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma nuna kwalin ga duk wanda zai rubuta masa wani magani. Kada ya ba matarsa ko maƙwabcinsa don ciwonsu ya yi kama da nasa, domin ƙwayar da ta dace da dattijo mai ciwon suga ita ce za ta iya halaka cikin da matarsa ke ɗauke da shi.